Gargaɗi ga masu jif a Legas: damfarar famfon mai da satar indomin salansa

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas, musamman na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, masu hawa Highlander, RAV4, Lexus RX da Honda Pilot, da direbobin da ke kai yara makaranta da su. Akwai damfarar da ake yi wa masu irin waɗannan motoci, kuma abin da ya sa take ci har yau shi ne daga matsala ta gaske take farawa. Mota ta fara fizga, ko ta riƙa mutuwa a go-sulo, ko a taka totur ta ƙi ɗauka a hawan gada, wutar cek, wato wutar gargaɗin injin da ke gaban direba, ta kama. Daga nan sai mai mota ya faɗa hannun wanda zai cuce shi sau biyu: ya sayar masa da famfon mai na bogi, bayan 'yan kwanaki kuma ya kwashe masa indomin salansa, wato abin tace hayaƙi mai tsada da ke cikin salansa.

Ga yadda suke yi. Mota ta tsaya maka a hanyar Apapa zuwa Oshodi ko a titin Ikorodu, kafin ka gama buɗe bonet mutum biyu sun iso da sifana a hannu. Ɗaya yana ta yi maka tambayoyi, ɗayan ya buɗe akwatin fiyus ya zare abu guda. A Toyota da Lexus, fiyus mai rubutun EFI ko rile (ɗan makunnin da ke sakar wa famfo wuta) mai rubutun C/OPN ya isa. Da zarar babu shi, injin zai yi ta juyawa amma ba zai tashi ba. Sai a ce maka famfo ya mutu. Yaro ya ruga ya dawo da famfo cikin kwalin Denso mai sheƙi. Wani lokaci tsohon famfo ne da aka wanke, wani lokaci jabu ne, wani lokacin ma naka ne aka goge aka mayar, aka mayar da rile, mota ta tashi, ka biya kuɗin sabo har da godiya. Ba a bakin titi kaɗai ake yi ba, akwai gareji masu rufi da allo da ake yin haka a cikinsu.

Hujjar da suka fi kawowa ita ce a murɗa makulli a saurara, in ba a ji kukan famfo ba wai ya mutu. Wannan yana aiki a Honda, domin famfonta yakan yi kuka na kamar daƙiƙa biyu in an kunna makulli. Amma Toyota da yawa ba sa kunna famfo sai injin ya fara juyawa. Shirunsa ba shaidar komai ba ne.

Abin da ke yanke hukunci shi ne agogon awon ƙarfin mai, wanda ake haɗawa da layin da ke kai mai ga nozul. A injinan V6 na Highlander da RX irin su 1MZ, 3MZ da 2GR-FE, ƙa'idar kamfani ita ce agogon ya nuna 44 zuwa 50 psi, wato ma'aunin ƙarfin mai, lokacin da injin ke sulo. In an kashe mota kuma, allurar kada ta sauka ƙasa da 21 psi cikin minti 5. Kafin a ɗora wa famfo laifi, mai rewaya ya auna ko wutar batir tana isa soket ɗinsa lokacin da ake tada mota, domin famfo lafiyayye ma ba ya juyawa in wuta ba ta kai gare shi ba. Makaniken da ba shi da wannan agogo, ko ya ce ba ya bukatarsa, kada ka bari ya ɗaga kujerar baya ko ya sauke tanki. Awon bai kai rabin awa ba.

Kuma a gaskiya, yawancin fizgar da ake kawo wa gareji ba daga famfo take ba. Na'urar auna iska da ke bayan filtar iska, wadda ake kira MAF, tana ɗaukar ƙura. Feshi na musamman ake wanke ta da shi, ba fetur ba, ba a kuma taɓa siririyar wayar cikinta. Robar da ke kai iska cikin injin tana tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani. Koyil ɗaya, wato abin da ke ba fulogi wuta, na iya mutuwa. Rariyar da ke gindin famfo na iya toshewa da datti alhali famfon lafiyarsa lau. In an sa wa mota kwamfuta, ɗauki hoton lambobin da wayarka kafin a goge su. P0171 da P0174 na nufin iska ta fi mai yawa, ba su ce famfo ba. P0301 zuwa P0306 na nuna silindar da ke tsallake wuta. A musanya koyil ɗinta da na maƙwabciyarta, in lambar ta bi koyil an gano mai laifi ba tare da an sayi komai ba. A nan ma akwai ƙaramar cuta: fulogi uku na baya a V6 na Toyota da Lexus galibi sai an cire bututun iskar da ke kansu ake kai gare su, don haka wasu na gaba uku kawai suke canzawa su karɓi kuɗin shida. Ka ce a ba ka tsofaffin guda shida a hannu.

Famfon bogi ba kuɗinka kawai yake ci ba. Ba ya kai ƙarfin da ake bukata, musamman in mota ta ɗauki iyali da kaya ga kuma na'urar sanyi a kunne. Mai ya yi kaɗan, ɗakin ƙonewa ya yi zafi fiye da kima, bawul na iya ƙonewa. In kuma silinda tana tsallake wuta, ɗanyen fetur ne ke gangarawa cikin salansa ya ƙone a kan indomi har ya narkar da shi. Shi ya sa in ka ga wutar cek tana ƙiftawa, ba tsayawa cak ba, ka nemi wuri ka faka.

To a nan kashi na biyu ke shigowa. Ka koma kana ƙorafin mota ba ta da ƙarfi, sai a ce indomi ya toshe, wai man Najeriya ba ya jituwa da shi, gara a cire mota ta sha iska. Abin da ake kira indomi tukunya ce mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe ta da ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, kuma akwai masu saye da ke jiran ta. Za a yanka tulun ƙarfen da take ciki, a farfasa abin ciki a zuba a buhu, a yi walda a mayar maka da fanko, kai kuma ka biya kuɗin aiki. V6 tana da indomi fiye da ɗaya, don haka asarar ba kaɗan ba ce.

Toshewar indomi ma ana auna ta. A cire sensar da ke gabansa a ɗaura agogo a ramin. In injin na juyi 2,500 a minti allurar ba ta wuce kamar 3 psi ba, bai toshe ba. In ya tabbata ya toshe, naka ne, a gabanka za a cire a miƙa maka, sannan a gyara abin da ya narkar da shi tun farko, in ba haka ba wanda za a sa ma haka zai ƙare. Alamomin an riga an yi maka sata: sabuwar walda a jikin tulun, ƙarar gwangwani in an taka totur, hayaƙi mai yaji a ido, da lambar P0420 ko P0430. Don ɓoye wannan, wasu sukan kashe wutar cek ɗin kanta ko su liƙe ta da baƙin tef ta ciki. Murɗa makulli ba tare da ka tada injin ba: dole wutar ta kama. In ba ta kama ba, an taɓa ta. Mai shirin sayen tokumbo a kasuwar motoci ta Berger ma ya yi wannan gwajin, ya kuma leƙa ƙarƙashin motar da tocila.

Shi kansa man ma abin lura ne. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa. Man jarka na bakin titi da na gidan man da ruwan sama ya malale ya fi haɗari da damina. A zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa. Kuma kada tanki ya riƙa sauka ƙasa da kwata, domin man da famfo ke nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi, ko da yake mun san yadda tsadar mai take tun cire tallafi a 2023.

Alhaji, Hajiya, kafin mota ta kwana a gareji a ɗauki hoton salansa daga ƙasa da na cikin akwatin fiyus, a ɗiga jan farce a kan notocin salansa da koyil don a gane in an taɓa su. In mota ta mutu a hanya, jan ta zuwa wurin makaniken da ka sani ya fi sauƙi a kan gyaran baƙo. In famfo ya tabbata ya mutu, je kasuwar kayan mota ta Ladipo da kanka ko ka tura wanda ka yarda da shi, da lambar kayan a rubuce, ku shiga shago kai tsaye ba ta hannun 'yan kamashon bakin ƙofa ba, a karɓi rasit mai sunan shago da sharaɗin mayarwa. Akwai 'yan kasuwa masu amana a can, kuma ba sa jin haushin a auna kayansu bayan an ɗaura. Wanda aka riga aka cuta ya kai rasit da hotuna ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko hukumar kare masu saye ta jihar Legas, LASCOPA, ko ta tarayya, FCCPC.

Ranar ɗaura famfo a cire kan batir, a nisanta sigari da wutar walda, a kuma sa sabuwar robar murfin famfon. In an mayar da tsohuwa ta ƙi zama, warin fetur zai riƙa tasowa daidai ƙarƙashin kujerar da yara ke zama.