Linux Mint a tsohuwar kwamfutata: daren da allo ya yi baƙi ƙirin

Kwamfutar tebur ɗina ta haura shekara goma, amma har yau garau take. Abin da ya sa na shiga neman mafita shi ne Windows 11 na buƙatar TPM 2.0 (wani ɗan guntun na'urar tsaro a cikin kwamfuta) da furosesa ta baya-bayan nan, tawa kuwa Core i5 ce zubi na huɗu, ga shi tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Ƙanina ne ya matsa mini na gwada Linux Mint 22, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, wanda za a ci gaba da tura masa gyare-gyaren tsaro har 2029. Ba da son raina na yarda ba. Shi ya zo da filashinsa ya ɗora mini, kuma kafin ya tashi ya buɗe wata manhaja mai suna Timeshift ya danna wasu abubuwa. Na tambaye shi mene ne wannan, ya ce, "Yaya, bar shi kawai, ranar amfaninsa na zuwa." Ya kuma bar mini filashin, ya ce kada in kuskura in goge shi.

Ranar kuwa ta zo, kuma ita ce dalilin wannan rubutun.

Ina da wata tsohuwar firinta mai haɗe da sikana. Bugawa tana yi, amma sikanar ta ƙi motsi, domin kamfanin da ya ƙera ta bai damu ya fitar da direban da ke aiki da Linux ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya sarrafa na'urar. Wannan abu har yanzu yana ci mini rai, kuma zan dawo kansa. Wani dare ina da takardu goma sha biyu da dole in tura su da safe, sai na shiga intanet neman dabara. Na ci karo da wani da ya jera umarni huɗu, ya ce a kwafa a zuba a Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, magana ta ƙare. Na danna Ctrl da Alt da T, baƙar tagar ta buɗe, na zuba na farko, na biyu, na uku. A na huɗu sai ta jero mini sunaye cike da allo, ta tambaya ko in ci gaba. Ban karanta ko layi ɗaya ba, na danna Y. Ashe jerin abubuwan da za a cire ne, kuma a cikinsu har da Cinnamon, wato fuskar kwamfutar gaba ɗaya: menu, tagogi, agogon da ke ƙasa, komai.

Da na sake kunna ta, babu hoton da na saba gani, babu kibiyar maus. Allo baƙi, da ɗan farin rubutu a kusurwa yana neman sunana, da wani ɗan layi yana ƙiftawa. Gabana ya faɗi. Aikin wata uku na ciki, ga hotunan iyali da ban taɓa kwafewa ko'ina ba. Ƙarfe ɗaya saura na dare na kira ƙanina, ya ɗauka da muryar barci. Bai ko yi mamaki ba. "Yaya, filashin nan yana nan? To soka shi, ki kunna kwamfutar daga kansa."

Na yi yadda ya ce. Mint ya taso daga filashin kamar sabo, na nemo Timeshift a menu, sai ga jerin ranaku biyar a gabana, kowace da lokacinta. Ashe kullum manhajar tana adana kwafin tsarin kwamfutar yadda yake, ba tare da na sani ba. Na zaɓi na yammacin ranar, na danna Restore, ta nuna mini abin da za ta mayar, na amince. Rubutu ya yi ta gudu a allo, ni kuma ina zaune na haɗa tagumi ina addu'a. Bai kai minti ashirin ba ta kashe kanta ta kunna. Wallahi sai ga hotona na bango, ga foldodina a inda na bar su, har takardar da nake rubutawa da magariba tana nan ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. Na daɗe ban ji sanyi a raina irin na wannan lokacin ba. A da, irin wannan ɓarna sai an ɗauki kwamfuta an kai wa mai gyara, a goge komai a fara daga farko.

Sai dai daga baya na gano wani abu da ya rage mini murna, kuma ina so duk mai shirin gwadawa ya sani. Takarduna ba Timeshift ne ya cece su ba. Dama can ba a taɓa su ba. Yadda aka saita shi tun asali, tsarin kwamfutar kaɗai yake adanawa, ba ya kallon foldar da mutum ke zuba takardu da hotuna. Hikimar ita ce idan ka koma jiya, aikinka na yau ba zai ɓace ba, kuma na yarda hikima ce. Amma da ma'ajiyar kwamfutar ce ta mutu a daren, da hotunan da kwafin duk sun tafi tare, tunda a wuri ɗaya suke. Washegari na kwashe komai zuwa ma'ajiya ta waje. Wani abin kuma, kwafin farko yana cin wuri sosai, na bayansa ne ke ɗaukar abin da ya canza kawai. Don tsoro na je na ƙara na kowace awa da na kowane mako, cikin ɗan lokaci wuri ya fara ƙarewa. Na mayar da shi na kullum guda biyar, na huta. Kuma idan a ma'ajiya ta waje za ka ajiye kwafin, sai an tsara ta da tsarin Linux irin ext4 ko makamancinsa, Timeshift ba ya karɓar NTFS, wato tsarin Windows.

Tun daga ranar ba na danna Y sai na karanta. Ƙanina ya koya mini in sa -s a umarnin apt-get, wanda ake sa manhaja ko cire ta da shi, sai kwamfutar ta nuna abin da zai faru ba tare da ta aikata ba.

Sauran kuwa, ƙananan dabaru ne suka sa na saba da shi. Wadda ta fi burge ni: ka yi wa rubutu alama da maus, ka je inda kake so ka danna tayar tsakiya, shi ke nan ya manne, babu Ctrl da C. F3 a cikin Nemo, manhajar duba foldodi, yana raba taga biyu, kwashe fayil daga nan zuwa can ya zama wasa. Ctrl da H na fito da ɓoyayyun foldodi. Maɓallin nan mai tambarin Windows da kibiyar hagu ko dama na jingine taga a rabin allo, Ctrl da Alt da kibiya kuma na kai ni wata fuskar allo daban, inda nake ware aiki daga sauran harkoki. Akwai ma tsarin kibod na Hausa a cikin saiti, na samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da na sauke komai ba. Sabuntawa kuwa sai lokacin da na ga dama.

To amma sikanar nan. Har yau ba ta aiki. Takardun nan goma sha biyu da waya na ɗauke su hoto da asuba, wasu a karkace, na tura haka nan ina jin kunya. Na'ura ce da na saya da kuɗina, lafiyarta ƙalau, amma rabinta ya zama kayan ado saboda waɗanda suka ƙera ta sun juya mata baya. Duk lokacin da na kalle ta sai in ji kamar in koma inda na fito. Wanda aikinsa ya dogara da firinta ko sikana, ya fara kunna Mint daga filashi ya jona na'urar ya gani kafin ya ɗora, domin ana iya gwada komai a haka ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Ni ban yi hakan ba.

Tauraro huɗu na ba shi cikin biyar. Filashin kuwa na ɗaure shi da zare ja, yana cikin durowar da ke ƙarƙashin kibod.