Takalmin fata da na ɗinka wajen wani baduku a Daura

Ance ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, shi yasa na bari sai da na yi wata huɗu ina taka takalmin nan kafin in ce komi. Dattijo ne yana zama a wata 'yar rumfa ta hanyar Kusugu, ba allo ba lamba, sai tabarma da basilla da warin jima. Ya sa na taka kwali ya zagaye ƙafata da biro, ya ce "yaro ka dawo bayan sati", to gaskiya sai da aka yi sati uku, wannan kam ya ɓata min rai don biki na so in je da shi. Amma aikin fa, masha Allah. Fatar saniya ce mai kauri, ɗinkin hannu ne ba gam kawai aka shafa ba, kwana biyar na farko ya ɗan cije ni a diddige daga nan ya kwanta kamar da shi aka haife ni, damina ta same shi bai buɗe baki ba, kuɗin kuma bai kai na kanti ba.

Ran da naje karɓa ƙafa ɗaya ta hau kan ɗaya, Baba ya ce tafiya ta kama ka, ya kuma miƙa hannu ya gyara wani da ya kife. Na ba ƙanena da ke karatu a ƙasar Ayalan (Ireland) labari a WhatsApp, ya ce ai mutanen karkarar can a da har tsohon takalmi suke jefawa bayan matafiyi ko amarya don sa'a, kuma aljaninsu na tatsuniya, lefrekon, shi ma baduku ne. Mutanen tsibiran Aran na ƙasar kuma a da ɗanyar fatar saniya suke ɗinka takalmi da ita gashin na waje, sai an riƙa jiƙa ta kada ta ƙandare. Wanda ya fi taɓa ni shi ne a da, da yawansu a hannu suke riƙe takalmi su taka ƙasa har kusa da coci ko kasuwa sannan su saka, haka kakanmu ke yi in zai ci kasuwa, ya rataya a sanda don kar ya cinye.

In zaka je ka kai aikinka da wuri, kar ka bari sai sallah ta matso, kuma ka ce ya sa maka taya a ƙasa.