Wace manhaja za ka ɗauka don tsara sabis ɗin injina?

Kafin ka biya kuɗin kowace manhaja fara yi mata tambaya ɗaya: in ka saka sabis duk wata uku, daga ina take fara ƙirga? Daga ranar da aka tsara, ko daga ranar da makaniki ya gama aikin? Ba ɗaya ba ne fa. Duba na'urar kashe gobara ranarsa tsayayya ce ko an makara ko ba a makara ba, amma juye baƙin mai in aka yi lattin wata biyu ai ba hankali a sake turo aikin bayan wata ɗaya, man ma bai yi duhu ba.

Ni dai Fiix nake so, ba ɓoye-ɓoye. Kamfanin Toronto ne, Rockwell Automation ta saye shi a 2020. Tana ba ka duka biyun, kuma za ka iya ɗaura aiki a kan mita maimakon kalanda, misali janareta duk awa 250, wanda shi ya fi dacewa tunda injin da ya kwana a kashe ba ruwansa da kwanan wata. Sannan tana cusa ƙaramin sabis cikin babba, in na wata-wata ya haɗu da na shekara takarda ɗaya ke fita, ba biyu ba.

Excel ba ya tashin kowa daga barci. Google Calendar zai tuna maka amma bai san awa nawa inji ya yi ba. IBM Maximo da SAP kuwa na manyan masana'antu ne masu ma'aikata na musamman, ka bar musu kayansu. MaintainX da UpKeep suna da daɗi a waya, ka gwada.

Abin da ya taɓa ƙona ni, wata manhaja ce da ke ta haifar da sabon aiki alhali tsohon ba a rufe ba, ka buɗe ka tarar da shafa giris a kan fanfo guda ya jeru reras, har yara suka daina kula sanarwar gaba ɗaya. Don haka lokacin gwaji ka bar aiki ɗaya a buɗe da gangan ka ga me za ta yi.

Sai 'yan damfara. Duk wanda ya ce zai saka maka "cikakkiya" a filash a kan kuɗi kaɗan, gudu. Yawancin waɗannan manhajoji a intanet suke zaune, ba abin kwafa ba ne, abin da zai ba ka ko tsohon tarkace ko bairos. Akwai kuma dillalin da zai buɗe asusun da imel ɗinsa, ranar da kuka ɓata tarihin injinanka duk ya tafi da shi. Masu cewa kyauta ma ka karanta da kyau, wasu aikin maimaitawar suke taƙaitawa, wato ainihin abin da ya kawo ka. Kuma tun ranar farko ka gwada fitar da bayananka zuwa CSV (irin fayil ɗin da Excel ke iya buɗewa), in an fara yi maka kwana-kwana kar ka sa hannu.