Hattara da mai tallar "harsashin giwa" a Damagaram

Assalamu alaikum 'yan'uwa mafarauta, na Birni da na Zango, da ku na Mirya, Magarya, Matamai, har zuwa Tanut da Gure. Don Allah wanda ya karanta wannan ya karanta wa dattawan da ba sa riƙe waya, domin su aka fi cuta.

Akwai wani mutum da ke yawo da harsashin kaliba 12 cikin kwalaye masu kyan gani, yana kuma tallarsa a WhatsApp. Yana ce masa "harsashin giwa", wai daga Turai aka kawo masa, wai ƙarfinsa ya ninka na kanti. Ƙarya yake yi. Tsofaffin kwanson da aka riga aka harba yake tsintowa, ya sake ɗura musu albarushi da hannu, ya mayar cikin kwalin kamfani.

Kawuna ya saya, kwali biyu, ashirin da biyar-biyar. Mutum ne da ya tsufa cikin farauta, yana da takardunsa, kuma bindigarsa Baikal ce mai baki ɗaya, tun ina yaro nake ganinta a rataye bayan ƙofa. Harbin farko, a kan zabi, bindigar ta shure shi har ya ja da baya taku biyu. Da dare ya buɗe min kafaɗa, wurin ya yi baƙi ƙirin kamar an ɗora masa taɓarya. Na ce, "Kawu, wannan ba lafiya ba." Ya ce, "Ɗana, ai mai kayan ya faɗa min, shurin shi ne shaidar ƙarfi." Na biyu ya yi wata 'yar ƙara kamar tari. Na uku ne ya tsaga bakin bindigar daidai inda hannun hagunsa yake riƙe. Yatsu biyu sun tafi, na ukun likita yana ƙoƙari a kai har yanzu.

Wannan magana ta shuri ita ce jarin mutumin, shi ya sa zan tsaya a kanta. Kowace bindiga tana shuri, gaskiya ne. Abin da ya fita ta gaba, gwargwadon nauyinsa da gudunsa, shi ke tura bindiga baya, kuma bindiga mara nauyi ta fi mai nauyi dukan kafaɗa. Amma harsashin kamfani shurinsa ɗaya ne daga na farkon kwali har na ƙarshe. Idan wannan ya kusa kayar da kai, mai bi masa ya fito a raunane, to ba a auna albarushin ba. Mai raunin ma ya fi haɗari, domin yana iya barin toshiyarsa, wato abin da ke raba albarushi da ƙwayoyi, a maƙale cikin bakin bindiga, sai na gaba ya zo ya tarar da hanya a rufe. Maƙerin da ya duba bindigar kawu ya ce haka ya faru.

Yana kuma ruɗar mutane da hotunan Turawa masu harbin ɓauna da giwa. Waɗancan bindigogi daban ne, irin su .375 H&H da aka fitar a Ingila a 1912 da .458 Winchester Magnum ta Amurka ta 1956, masu harsashi ƙwaya ɗaya, an ƙera ƙarfensu don ya ɗauki wannan matsi. Ba su da haɗi da kaliba 12 ɗinmu ta zabi da fakara da zomo. A can akwai masu ɗura harsashinsu da kansu, amma da sikeli mai auna abin da bai kai giram ɗaya ba, da littafin kamfanin albarushi a gabansu, kuma ba sa haɗa albarushi iri biyu. Da muka farke guda biyar cikin ragowar na kawu a kan faranti, wani ya cika maƙil, wani rabi, ɗaya kuma baƙin albarushin bindigar toka ne gauraye da na zamani. A madadin ƙwayoyin dalma, har guntayen ƙusa muka gani a ciki.

Ku riƙa duba kaya kafin ku miƙa kuɗi. Bakin harsashin kamfani a naɗe yake tsaf kamar tauraro, nasa kuwa a murɗe, an liƙe da kakin kyandir. Gindin ƙarfen yana da ƙarce-ƙarce, hular tsakiya wata ta nutse wata ta turo. A kwali ɗaya sai ka ga ja da kore, rubutun jikinsu ma ba ɗaya ba. Ku lura da tsawo kuma: akwai 12/70 akwai 12/76, wato mai milimita 70 da mai milimita 76, an rubuta a jikin bindiga, kuma sa mai 76 a bindigar 70 ganganci ne ko da harsashin na ƙwarai ne.

Ba ya zama wuri ɗaya. Yakan ce a tura rabin kuɗi ta kamfanin aika kuɗi, sannan yaro ya kawo kaya a kan babur da magariba, lokacin da ido ba ya tantance komai. Tun ranar da muka kira shi daga asibiti ya rufe lambar. Ya san da yawan masu saye ba su da takardar bindiga ko izinin farauta da dokar 1998 ta wajabta, don haka ba za su iya kai ƙara ba. Mu mun kai, mun miƙa wa jandarma kwalayen da takardar aika kuɗin.

Duk wanda ke da irin wannan harsashi a gida, kada ya gwada ko ɗaya, kada ya jefa a wuta, kada ya bar shi inda yara za su kai hannu. Ya kai wa jandarma, ya faɗi inda aka miƙa masa da ranar. Kawu yana gida yanzu, ana wanke masa hannun kowace safiya. Ku sa shi cikin addu'a.