Sharhi kan FreeStyle Libre, sensar awon sukari, da abin da bincike ya tabbatar a kanta

FreeStyle Libre wata 'yar na'ura ce ta kamfanin Abbott da ake mannawa a bayan dantse domin ta riƙa auna sukarin jiki dare da rana. Ta fara fitowa a Turai a shekarar 2014, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a 2017. Ina fama da ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda a cikinsa fankiriyas ke daina samar da insulin, kuma na daɗe ina amfani da wannan sensa. A ganina, abin da aka fi yabonta a kai, wato hutar da yatsa daga huji, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin amfaninta. Babban aikinta shi ne nuna wa majiyyaci da likitansa abin da sinadaran homon ke yi wa sukari a jiki a lokutan da babu mai aunawa, musamman da tsakar dare.

Sanya ta ba shi da wuya. Ana goge bayan dantse a bar shi ya bushe sarai, sannan a ɗora abin dannawar da ta zo da shi a danna sau ɗaya; allura takan shiga ta fito nan take, ta bar wani siririn zare mai tsawon kusan milimita 5 a ƙarƙashin fata, tare da ɗan farin faifai manne a waje. Zafin bai kai na huda yatsa ba. Bayan awa guda sai ta fara ba da sakamako a wayar hannu ko a na'urar karantawa, ta ci gaba da aiki har kwana 14, kuma ba ta bukatar a daidaita ta da ɗigon jini domin an riga an daidaita ta tun daga masana'anta. Samfurin farko yana bukatar a kara waya a jikinsa aƙalla sau ɗaya a kowace awa 8, in ba haka ba bayanan da suka wuce su ɓace. Libre 2 ta zo da ƙararrawar gargaɗi idan sukari ya faɗi ko ya yi sama, Libre 3 kuma ta fi ƙanƙanta, tana aika sakamako zuwa waya kowane minti ɗaya.

Inda na fi ganin darajarta shi ne a zanen da take fitarwa. Akwai lokacin da sukarina yakan wayi gari a sama, awon yatsa kuma ba ya iya faɗin dalili, domin lamba guda kawai yake bayarwa a lokacin da aka farka. Da na duba zanen sensar, sai na ga layin a miƙe yake tun daga kwanciya har wajen ƙarfe uku na dare, daga nan ya fara hawa a hankali alhali ban sa komai a baki ba. Likitocin homon sun daɗe da sanin wannan yanayi: gab da asuba, gaɓar fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓin adirinal da ke zaune a kan ƙoda sukan ƙara yawan homon ɗin girma da kotisol a cikin jini, su kuma su sa hanta ta saki sukari, su rage wa insulin ƙarfi. Mai lafiya ba ya lura da hakan saboda fankiriyas ɗinsa yana ƙara insulin nan da nan. Sanin wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda sukarinsa ke faɗuwa da dare sannan ya hau da safe da wanda nasa ke hawa kawai da asuba ba gyara ɗaya likita zai yi musu ba, kuma ƙara wa na farkon allurar dare haɗari ne. Likitana ya duba zanen ya sauya tsarin allurata, ba da ƙiyasi ba. Gani ya kori ji.

Haka nan kibiyar da ke gefen lamba. Idan waya ta nuna 100 (a ma'aunin mg/dL) da kibiya a kwance, mutum yana iya ci gaba da harkarsa, amma idan ta nuna 100 da kibiya tana kallon ƙasa tsaye, to sukarin yana gangarowa da sauri, bai kamata ya kama tuƙi ko ya kwanta barci ba tare da ya ɗauki mataki ba.

Shaidar mai amfani guda ba ta isa hujja ba, saboda haka ya dace a dubi binciken asibiti. Babban binciken DCCT, wanda aka gudanar a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 aka kuma wallafa sakamakonsa a 1993, ya nuna cewa tsaurara kula da sukari yana rage haɗarin kamuwa da lalacewar ido da kashi 76 cikin ɗari, sai dai faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka kusan sau uku ga waɗanda aka tsaurara wa kulawa. Tun daga nan tambayar da ke gaban masana ita ce yadda za a sauko da sukari ba tare da jefa majiyyaci cikin suma ba, kuma a kan wannan ma'auni ya kamata a ɗora kowace sensa. A binciken IMPACT da mujallar The Lancet ta wallafa a 2016, masu nau'i na ɗaya da suka yi amfani da Libre tsawon wata 6 sun rage lokacin da suke shafewa cikin faɗuwar sukari da kashi 38 cikin ɗari. Kamfanin da ya ƙera na'urar ne ya ɗauki nauyin wannan bincike, abin da mai karatu ya cancanci ya sani. Shi ya sa na fi ba binciken FLASH-UK na 2022 nauyi, wanda ƙungiyar agaji ta Diabetes UK ta ɗauki nauyinsa: an raba mutum 156 gida biyu, bayan mako 24 kuma awon HbA1c, wato gwajin matsakaicin sukari na watannin baya, na masu Libre 2 ya yi ƙasa da na masu awon yatsa da kimanin maki 0.5. Wannan ragi ba ƙarami ba ne ga wanda ya shekara yana fafutuka lambar ta ƙi motsi.

Shi kansa awon HbA1c, wanda ɗakin gwaje-gwaje ke yi domin gano matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, yana da iyakarsa. Mutum biyu suna iya samun 7 daidai, ɗaya sukarinsa a natse, ɗaya kuma kullum tsakanin sama can da ƙasa can. Bugu da ƙari, sakamakon ya dogara ne da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, kimanin kwana 120, don haka yana iya ruɗar likita ga masu sikila ko ƙarancin jini ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. Sensa ta kawo wani ma'auni da masana na ƙasa da ƙasa suka daidaita a kai a 2019: ga yawancin manya, ana so sukari ya kasance tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin ɗari na lokaci, kuma kada ya sauka ƙasa da 70 sama da kashi 4 cikin ɗari. Manhajar Libre tana lissafa wannan da kanta.

Kowane allazi da nasa amanu, kuma da yawa daga cikin gargaɗin nan kamfanin da kansa ya rubuta su a takardar da ke cikin kwali. Sensar ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki ne, shi kuwa yana bin bayan jini da wasu mintoci, saboda haka lokacin da sukari ke sauyawa da sauri lambar waya tana iya zama ta ɗazu. Duk sa'ad da abin da jiki ke ji ya saɓa wa abin da waya ta nuna, wajibi ne a koma ga awon yatsa, don haka kada a jefar da tsohuwar na'ura. Kwanciya a kan dantsen da sensa ke manne na iya sa ta nuna faɗuwar da ba ta faru ba. Shan bitamin C fiye da miligiram 500 a rana na iya sa Libre 2 ta nuna lamba sama da ta gaskiya, wanda ya fi haɗari, domin yana iya ɓoye faɗuwar sukari. Wasu fatarsu ba ta jure wa gam ɗin, kuma juriyarta ga ruwa ta tsaya ne a zurfin mita 1 na minti 30.

Akwai wata matsala da ba ta na'urar ba ce, ta mai amfani ce, kuma ina ganin ba a cika jan kunne a kanta ba. Wanda ke ganin lamba kowane minti yana iya firgita da kibiya mai hawa ya ƙara insulin a kan insulin ɗin da bai gama aiki ba, alhali allurar insulin mai saurin aiki tana shafe awa uku zuwa biyar a jiki. Bai kamata a ba kowa sensa ba tare da an zaunar da shi an koya masa karanta zanen ba. Sannan sensa sukari kaɗai ta sani. Ba ta auna kiton, sinadarin da ke taruwa a jini idan insulin ya yi ƙaranci, ba ta faɗin halin ƙoda, ba ta kuma gano ciwon tayirod, wanda ke yawan tafiya tare da nau'i na ɗaya saboda dukansu garkuwar jiki ce ke kai wa gaɓar hari. Gwajin tayirod na TSH da na fitsari da duba ido suna nan a kan mai ita kamar kowa.

Ga mai nau'i na ɗaya, da duk wanda ke allurar insulin sau da yawa a rana, da wanda ya daina jin alamun faɗuwar sukari, ina ba da shawarar amfani da ita ba tare da shakka ba, kuma a zaɓi samfurin da ke da ƙararrawa. Ga masu nau'i na biyu hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba: a binciken REPLACE na 2017, wanda aka yi a kan masu nau'i na biyu da ke allurar insulin, an samu raguwar faɗuwar sukari amma ba a ga bambanci a HbA1c tsakanin rukunonin biyu ba. Tunda kuwa sensa abu ce da ake saya a kai a kai duk mako biyu, wanda ke shan ƙwayoyi kaɗai yana iya tattaunawa da likitansa a kan sanya ta lokaci zuwa lokaci, misali kafin ranar ganin likita ko bayan an sauya masa magani, ya tafi da rahoton kwana 14 ɗin a duba tare.