Audacity a hannun malamin Islamiyya a Agege: abin da take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta

Yaran Hausawa da aka haifa a Legas suna tasowa ne da harsuna uku ko huɗu a bakinsu: Yarbanci a layi, buroka a kasuwa, Ingilishi a makarantar boko, sai Hausa da ta rage musu a tsakar gida. Duk malamin da yake koya musu karatun Hausa da na Larabci ya san cewa takarda kaɗai ba ta wadatar da su, domin rubutun boko na Hausa ba ya nuna tsawon wasali, kuma ba ya nuna karin sauti. Idan yaron Kano ya ga "gari" a rubuce, kunnensa ya riga ya san bambancin garin da ake zama da garin tuwo, amma yaron Agege sau da yawa sai an furta masa ya ji, an sake furtawa, kafin bambancin ya zauna masa. Wannan ne ya sa naɗar murya ta zama mini wani ɓangare na koyarwa, kuma a kan wannan buƙata nake auna Audacity, manhajar kwamfuta ta naɗar sauti da gyara shi, ba a kan buƙatar mawaƙi ko ma'aikacin gidan rediyo ba.

Na fara tura darussa da murya ne lokacin da aka rufe makarantun Legas a watan Maris na 2020 saboda annobar korona. Saƙon murya na WhatsApp shi ne abin da kowa ya kama a lokacin, sai dai ba a gyara shi: idan ka yi tari a minti na bakwai, ko dai ka tura da tarin, ko ka koma farko. Audacity ta raba ni da wannan wahala, kuma ban biya ko kwabo ba. Manhaja ce ta kyauta da Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara ginawa a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka a 1999, aka fitar da ita ga jama'a a shekarar 2000. Lasisinta ya ba kowa damar saukewa da kwafa da rabawa, saboda haka malamin da ya zuba ta a filashi ya kai wa abokin aikinsa bai ci haƙƙin kowa ba, wanda kuwa ba ƙaramin abu ba ne a makarantar da ake karantar da yara cewa sata haramun ce.

Tana aiki a kan Windows da macOS da Linux, amma ba ta da sigar wayar hannu, kuma a ganina wannan shi ne babban naƙasunta a wajenmu, tunda yawancin malaman Islamiyya waya ce kaɗai a hannunsu. Ni da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka nake aiki, irin ta hannu da ake samu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kuma ba ta taɓa yi mata nauyi ba matuƙar murya ɗaya ake naɗa. Wanda ba shi da makirfo yana iya naɗa da waya ya tura fayil ɗin zuwa kwamfuta, sai dai wayoyi da dama suna ajiye murya a tsarin M4A, wanda Audacity ba ta buɗewa sai an ƙara mata wani ɗan kayan aiki na kyauta mai suna FFmpeg. Sau ɗaya ake girka shi, amma wanda ba a gaya wa ba zai ɗauka fayil ɗinsa ne ya lalace.

Naɗar kanta ba ta da wuya. Akwai jan maɓalli na farawa, akwai na tsayawa, sannan akwai ma'aunin ƙarfin sauti da yake motsi yayin da kake magana, kuma shi ne abin da ya kamata ido ya tsaya a kai. Ana so muryar ta riƙa kaiwa wajen disibel 6 ƙasa da sifili a kan wannan ma'auni idan an ɗaga ta. Idan ta bugi sifili, sautin ya fashe ke nan, kuma fasasshen sauti ba ya komawa daidai ko da me aka shafa masa. Malamin da ya saba ɗaga murya a gaban yara sittin sai ya koyi magana kamar da mutum ɗaya yake yi. Nakan bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakina da makirfo, in kuma ɗan karkatar da shi gefe, domin iskar da take fita da harafin "f" da "b" kada ta doke shi kai tsaye.

Inda manhajar ta fi burge ni shi ne wajen yanka da jerawa. Da zarar ka tsayar da naɗi, sai muryarka ta bayyana a allo kamar jerin tuddai da kwari: inda ka yi magana ya yi tudu, inda ka yi shiru ya kwanta ya zama layi. Ba a daɗewa ido yake sabawa, har ka gane tari tun kafin ka saurara, domin shi tsini ne guda da yake tashi ba zato a tsakiyar shiru. Sai ka ja linzamin kwamfuta a kansa, ka danna gogewa, jimlar gaba ta matso ta haɗe da ta baya ba tare da an ji ɗinki ba. Idan ka goge abin da bai kamata ba, Ctrl da Z suna dawo da shi, kuma kana iya ci gaba da komawa baya mataki-mataki muddin ba ka rufe aikin ba. Idan kuma ka faɗaɗa hoton sosai, dogon wasali yakan fito da faɗinsa kusa da gajere, har na taɓa juya allon na nuna wa manyan ɗalibai abin da kunnensu yake ƙin kamawa.

Darasin maimaitawa, wanda shi ne ƙashin bayan hadda da koyon furuci, a nan yake samun gata. Nakan karanta jimla sau ɗaya da kyau, in saka shiru daidai tsawonta a bayanta domin yaro ya maimaita, sannan in umarci manhajar ta ninka wannan yanki sau uku ko biyar. Abin da yaro yake ji a karo na biyar shi ne ainihin abin da ya ji a karo na farko, ba kamar malami mai rai ba, wanda muryarsa takan gaji ta fara cinye ƙarshen kalma. Haka kuma ana iya sa alama da suna a farkon kowane yanki, sannan a fitar da su gaba ɗaya a matsayin fayiloli daban-daban, ta yadda zama ɗaya zai ba da darussan mako guda, kowanne da sunansa. Akwai kuma hanyar rage saurin magana ba tare da muryar ta yi kauri ba, wadda aka rubuta wa Change Tempo, kuma tana da amfani ga darasin Hausa idan an rage kaɗan. Ban yarda a yi amfani da ita a kan karatun Alƙur'ani ba, domin tana jan kowane sauti ne bai ɗaya, har da wanda bai kamata a ja ba, alhali maddi da gunna kowanne da gwargwadonsa. Wanda yake son karatu a hankali, ya sa makaranci ya karanta a hankali.

Sai batun hayaniya, wanda shi ne jarrabawar gaskiya ga duk mai naɗar murya a wannan gari. Abin da ya fi jan mutane zuwa Audacity shi ne labarin cewa tana cire hayaniya, kuma labarin rabinsa gaskiya ne. Yadda abin yake aiki shi ne, ka bar daƙiƙa biyar ko fiye a farkon naɗi ba ka ce komai ba, sai ka zaɓi wannan yanki ka nuna wa manhajar cewa ga irin ƙarar da ba ka so, ita kuma ta bi dukan naɗin tana danne duk abin da ya yi kama da ita. Saboda haka ƙarar da take tafiya bai ɗaya ce kawai take iya kamawa: fanka, shuuu ɗin makirfo mai araha, gurnanin janaretan da yake can nesa. Ɗan zuuu ɗin da wutar lantarki take sakawa idan kwamfuta tana jone da caja shi ma yana da magani, tunda wutar Najeriya a kan hez 50 take, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma akwai matacin da za ka ba wannan lamba ya cire ta. Ko da yake zare cajar a naɗa da batir ya fi sauƙi.

Amma hayaniyar Agege ba mai tafiya bai ɗaya ba ce. Hon ɗin motocin haya na danfo, kwandasta yana kiran Oshodi, jirgin ƙasa yana wucewa, jirgin sama yana sauka filin Murtala Muhammed, injin markaɗen maƙwabta da yake tashi ya mutu, ruwan watan Yuni a kan kwanon rufi, duk waɗannan idan suka hau kan magana sun zauna ke nan. Wanda ya matsa wa manhajar lamba sai ta cire su, zai tarar ta fara cin muryarsa, kuma abin da take fara ci shi ne siraran sautuka masu kama da iska: "s" da "sh" da "ts" da "h". Ga mai ba da sanarwa wannan ƙaramar asara ce, amma ga malamin da darasinsa kacokan shi ne bambanta sinun da sadi, ko ha mai fita daga tsakiyar maƙogwaro da ha mai fita daga ƙarshensa, ya zubar da abin da ya zauna domin shi. Na gwada naɗi ɗaya iri biyu, ɗaya an tace shi sosai, ɗaya an ɗan taɓa shi kawai, na kunna wa alarammanmu ba tare da na gaya masa komai ba. Da ya ji na farko sai ya ce, "Malam, wannan ai a cikin randa ka karanta shi." Na biyun, wanda ana ɗan jin janareta a bayansa, shi ya ce a tura wa yara. Tun daga nan ba na wuce matsakaicin ragewa, kuma nakan saurari abin da za a cire shi kaɗai kafin in amince, domin manhajar tana ba da wannan dama. Idan na ji ɓurɓushin maganata a ciki, na san na yi yawa.

Maganin da ya fi aiki ba a cikin kwamfuta yake ba. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana mayar da amsa-kuwwa, saboda haka nakan shimfiɗa darduma, in saki labule, in jingina katifa a bangon da nake fuskanta. Lokaci kuma ya fi komai. Legas ba ta jiran gari ya waye, motoci sun riga sun hau titi kafin a idar da sallar asuba, safiyar Lahadi kuma da mutum zai yi zaton shiru ce, lasifikokin majami'u ne suke karɓar unguwa. Tsakar dare a ranar da aka kawo wuta, lokacin da janaretocin layi suka yi shiru, shi ne lokacin da na fi samun naɗi mai tsabta, kuma irin wannan naɗi kusan ba ya buƙatar tacewa sam.

Wajen fitar da fayil, lissafin data ne yake yanke hukunci, domin iyaye ne suke saukewa da kuɗinsu. Murya a tsarin WAV mai tashoshi biyu, wato na kunnen hagu da na dama, tana cin kusan megabait 10 a kowane minti, alhali MP3 mai tasha ɗaya a kan kilobit 64 yana cin ƙasa da rabin megabait, wato darasin minti 10 bai kai megabait 5 ba, kuma a lasifikar waya ba a jin wani bambanci. Tun 2019 manhajar take fitar da MP3 da kanta ba sai an nemo mata ƙari ba. Abin da sabon shiga yake yawan rikicewa a kai shi ne bambancin ajiye aiki da fitar da sauti: ajiyewa tana ba da fayil mai ƙarewa da aup3, wanda Audacity kaɗai take buɗewa, kuma idan aka tura shi zauren iyaye babu wayar da za ta kunna shi. Idan kuma wuta ta ɗauke batir ya mutu ana tsakiyar aiki, takan nuna abin da ta tsare idan aka sake buɗe ta, ta tambaya ko a dawo da shi.

Akwai wani abu da ya kamata shugabannin makarantu su sani. A 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi ragamar Audacity, kuma a wannan shekarar aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan shirin tattara bayanan masu amfani da ita, da kuma wata ƙa'ida da ta ce ba a yi ta domin 'yan ƙasa da shekara 13 ba. Bayan ƙorafin jama'a kamfanin ya janye shirin ya kuma gyara ƙa'idar. Manhajar tana aiki ba tare da intanet ba, kuma haka nake amfani da ita. Sababbin sigoginta suna tayin a ajiye aiki a rumbun intanet, ni kuwa nakan zaɓi ajiyewa a kwamfuta, musamman idan muryar ɗalibai ce a ciki, wadda ba na naɗa sai da izinin iyayensu.

A jerin harsunan da manhajar take zuwa da su akwai Larabci da Faransanci, ban ga Hausa ba, kuma yawan maɓallai da sunayen Ingilishi suna firgita dattijon da bai saba da kwamfuta ba, ko da yake abin da malami yake buƙata a ciki bai wuce abubuwa shida ko bakwai ba. A makarantarmu sai muka raba aikin: alaramma ya karanta a waya a ɗakinsa da dare, ya turo, ni kuma in yanka, in saka shiru, in ninka, in fitar. Yanzu akwai ɗalibai biyu na ajin sama, mace da namiji, da suka karɓi yankan darussan ƙananan azuzuwa, ni kuma sai in saurara kafin a tura.