Microsoft Project a shantiye: ranar da anka sa da ranar da anka yi

Salamu alaikum jama'a. Ƴan uwa masu gini da ƴan furoje nan Tahoua suna yawan tambaya ko Microsoft Project, manhajar ordinater ta tsara ranakun aiki, ya cancanci wahalar koyo ko dai mutum ya zauna da Excel ɗinsa. To ni da shi nike bin shantiye, kuma in dai zanen sanduna kawai kake so ka buga ka liƙa ga bangon biro don baƙi su gani, bar kuɗinka aljihu. Amfaninsa na gaskiya wuri ɗaya yake, ya jera maka ranar da ka ce za a yi aiki da ranar da anka yi shi da gaske, ya lissafa tazarar da ke tsakani ba tare da ka ɗauki biro da takarda ba.

Ga yadda abin yake. In ka gama shirya planin ɗinka, tona fondasho, zuba beto, ɗaga bango, rufi, duk ka ɗaure su da juna, to kafin a sari ƙasa sai ka adana tsarin asali, a ta Faransanci planin na referans ake ce masa. Yana ɗaukar ranakun farawa da na gamawa ya kulle su, daga nan duk yadda ranaku sunka motsa waɗancan suna nan inda suke. Har guda 11 yake bari ka adana, don haka in mai furoje ya ƙara muku lokaci a rubuce sai ka adana na biyu ka bar na farko yadda yake. Sannan ka buɗe Gantt na bin sawu, wato zanen sandunan da ke nuna ranakun aiki, kowane aiki za ka ga sanduna biyu, mai ruwan toka a ƙasa ita ce alkawarin farko, ta sama kuma ita ce halin da ake ciki, shuɗiya, ko ja in aikin na cikin waɗanda jinkirinsu ke ture ranar miƙa makulli. Wallahi wannan hoton kaɗai yana kashe gardama. Misali fondasho an sa 3 ga watan 3 amma sai 10 ga wata anka fara saboda motar siminti ba ta iso ba, kana shigar da 10 ɗin za ka ga beto da bango da rufi duk sun matsa gaba, kuma teburin bambanci ya rubuta maka kwanakin aiki nawa sunka tafi.

Akwai wani tsohon maso da muke aiki tare, ba ruwansa da ordinater, da na juya masa allon ya kalli jar sandar da ta zarce mai toka sai ya ce, yaro ai wannan tun ranar da yashi ya yanke na san za a zo nan. Na ce baba gaskiya ne, amma Alhaji mai gini bai sani ba, shi ne za mu nuna wa. Kuma haka ɗin ne, a taron mako maimakon kowa ya ce ba laifina ba ne sai a duba inda jinkiri ya fara shiga.

Amma fa yana da tarko kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. In ka rubuta cewa aiki ya kai kashi 50 cikin 100 ba ka sa ranar farawa ta gaskiya ba, shi da kansa zai ɗauki ranar da ke cikin planin ya ce ita ce ta gaskiya, bai tambaye ka ba. Sai rahoto ya fito fes kamar komai na tafiya daidai alhali shantiye na baya da mako guda. Don haka ranar gaskiya ake fara shigarwa sannan kashi. Haka nan in ka buga rana da hannu a layin farawa na yau da kullum maimakon na ranar farawa ta gaskiya sai ya ɗaure aikin da sharaɗin kada ya fara kafin wannan rana, daga baya ka rasa dalilin da ya sa ya ƙi motsi. Kuma tun daga Project na 2010 sabon aiki yana zuwa ne a tsarin hannu, sai ka maida shi otomatik kafin ya riƙa bin na gabansa.

Kalandarsa ma ba ta san mu ba. Litinin zuwa Juma'a, awa 8, shi ke nan. Asabar da muke aiki, tashi don sallar Juma'a, ƙaramar salla da layya, azumi da aiki ke raguwa, zafin watan 4 da na 5, ruwan watan 8 da ke hana zuba beto, lebura da ke komawa gona da damina, duk kai za ka zauna ka saka, in ba haka ba tsarin asalin ma ƙarya ne tun daga tushe.

Kuɗi kam yana da tsada ga ƙaramin ɗan kwangila, ga kuma wahalar biya ta intanet. Na kan ordinater ɗin dai yana aiki ba konekshon, wannan ya yi. Wanda bai da hali ya fara da ProjectLibre, wata manhaja irinsa, kyauta ce, tana buɗe fayil ɗin Project kuma tana adana tsarin asali, sai dai ba ta kai shi sauƙin fitar da rahoto ba. Ni ina ba shi 4 cikin 5 ga wanda ke da aiki mai matakai da yawa da mai furoje da ke neman rahoto kowane wata, da sharaɗin akwai wani a shantiye da ke rubuta ranar farawa da ta gamawa ta kowane aiki cikin kaye, a shigar da su duk ƙarshen mako.